Duwatsun Abzin: Inda Daminarmu Take Ƙarewa

Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jin sunan Abzin ba. Wani a kasuwa ya san ta, wurin masu kantun gishiri da dabino. Wani a bakin kakanninsa ya ji, musamman in Bagobiri ne, domin tarihin baka na Gobirawa ya ce a can suka zauna kafin su gangaro kudu. Mahaya sun san dokin Abzin. Ɗalibin tarihi ya san Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas neman ilimi. A cikin birnin Kano ma akwai unguwa guda mai suna Agadasawa.

Amma in ka tare mutum ka ce ya kwatanta maka yadda ƙasar take, abin da zai faɗa bai wuce rairayi da raƙuma da zafin rana ba. Rairayin yana nan, ba a musu, sai dai a gefe yake. Ita Abzin kanta ƙasar duwatsu ce, manya-manya, baƙaƙe, da kwazazzabai da lambuna a tsakaninsu, har da inda ake noman lemo da inabi da alkama. Ta yaya haka ta yiwu a tsakiyar hamada? Amsar tana tare da ruwan saman nan da ke sauka a gonakinmu.

Inda duwatsun suke

Duwatsun Abzin suna arewacin Jamhuriyar Nijar, a jihar Agadas. Matafiyin da ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Tanut zai ci kimanin kilomita 700 kafin ya hango hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da ƙasa, mai tsayin mita 27. Birnin yana gindin duwatsun ta kudu, shi ne ƙofarsu. Daga nan suka miƙa arewa wajen kilomita 400. Ƙasar da suka mamaye ta kai murabba'in kilomita 84,000, wato ta ninka jihar Kano sau huɗu har da ɗoriya. Masu ƙasar, Abzinawa, Ayar suke ce mata da harshensu na Tamashek. Mu ne muke cewa Abzin ko Azbin.

Kada mai karatu ya ɗauka jeri guda ne kamar katanga. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai tsakuwa, wanda tsayinsa daga doron teku yake tsakanin mita 500 zuwa 900, a kansa kuma ga gungun duwatsu masu siffar da'ira nan da can, kamar ƙoren da aka kife a kan tabarma. Kowane da sunansa: Bagazan, Tamgak, Tagwaji, Gerebun da sauransu. Ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Bagazan take, ana kiranta Idukal-n-Tagas, mai mita 2,022. Babu wurin da ya kai nan tsayi a duk faɗin Nijar, ta kuma ɗara duwatsun Shere na Jos da kusan mita 200. A saman Bagazan ɗin akwai ƙauyuka da rijiyoyi da gonaki, mutane na hawa da sauka da jakuna ta hanyoyin da suka ratsa tsagin duwatsu.

Ambaton Jos a nan ba don kwatance kaɗai ba ne, akwai dangantaka. Masana ilimin ƙasa sun gano cewa waɗannan duwatsu masu da'ira narkakken dutse ne da ya taso daga can ƙarƙashin ƙasa ya daskare, sa'an nan iska da ruwa suka yi ta cinye abin da ya rufe shi har ya fito fili. Irinsu sun jeru a layi guda daga Abzin, suka biyo ta Damagaram, suka shigo Nijeriya ta Dutse da Ningi da Riruwai har Jos. Na Abzin su ne yayye, sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram sun kai wajen miliyan 300, na Jos kuwa ba su cika miliyan 200 ba. Tun da uwa ɗaya ce ta haife su, gadonsu ma ɗaya ne: kuzar da aka haƙa a Riruwai da Jos, irinta aka haƙa a El Meki ta Abzin. Wutar da ke ƙarƙashin ƙasar ma ba ta gama hucewa ba. A yankin Todra akwai matattun duwatsu masu aman wuta fiye da 100, a Tafadak kuma har yau ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, masu ciwon gaɓoɓi suna zuwa wanka.

Gabas da duwatsun Tenere ce, hamadar da ko Abzinawa ba sa shigarta da wasa. Can rairayi ke tahowa da iska ya jingina da bangon dutse, ya taru har ya zama tuddai masu tsayin ɗaruruwan mitoci, kamar na Temet. Ta yamma kuwa filaye ne, Talak da Irgazar da Azawak, kuma can ne yawancin ruwan duwatsun ke gangarawa. A zamanin da, babban kogi ne ke kwashe shi ya bi ta kwarin Azawak da Dallol Boso ya zuba a kogin Kwara. Yau kwarin kawai ya rage.

Damina ta 'yan kwanaki

Iska biyu ke mulkin shekara a ƙasashenmu. Ɗaya ta hunturu, busasshiya, mai tahowa daga arewa maso gabas. Ɗaya kuma ta damina, mai ɗauke da danshin teku daga kudu maso yamma. Kowace shekara ta daminar takan tura ta hunturun arewa, sannu a hankali. Takan iso Kano wajen watan Mayu ko Yuni, ta wuce Damagaram, ba ta kaiwa Abzin sai Yuli ko Agusta, a gajiye, ta riga ta zubar da mafi yawan abin da ta ɗauko. Kafin Satumba ta ƙare ta juya. Kano kan sami ruwan sama milimita 800 ko fiye a shekara. Agadas da ƙyar take haura 150. Iferwan da ke can arewa ko rabin haka ba kullum take samu ba, Bilma kuwa, a ƙetaren Tenere, ba ta cika kaiwa 20 ba. Wato hadarin da ya wuce ta kanmu ya yi arewa, Abzin ce zangonsa na ƙarshe.

Da a fili wannan ɗan ruwan yake sauka, da rana ta shanye shi kafin la'asar. Dutse ne ya canza lissafin, ta hanya biyu. Ta farko, iskar da ta ci karo da dutse dole ta hau sama, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi danshinta ya zama girgije. Shi ya sa saman duwatsun ya fi filayen da ke kewaye da su samun ruwa. Ta biyun ita ce babba: dutse ba ya shan ruwa. Duk wanda ya taɓa tara ruwan indararo ya san yayyafin da ko ƙurar tsakar gida bai kwantar ba yana iya cika duro in ta rufin kwano ya biyo. To, Abzin rufin kwano ce mai faɗin ƙasa guda. Milimita ɗaya tak in ta sauka a kan murabba'in kilomita ɗaya, lita miliyan ɗaya ke nan. Ruwan da ya sauka a kan faffaɗan tsandauri sai ya tattaru ya gangara cikin 'yan siraran rafukan yashi, waɗanda mutanen Nijar ke kira kori.

A ce kana zaune a bakin wani kori da rana tsaka a watan Agusta. Yashi ne fari, busasshe, awaki na kwance a inuwa, yara na wasa a tsakiyarsa. Sama a kanka garau take, ko ɗigo bai sauka ba. Can nesa dai, a kan duwatsu, akwai baƙin hadarin da ya daɗe yana walƙiya. Sai a ji wani rugugi kamar na manyan motoci suna tahowa. Manya sun san shi. Nan take za a hau kiran yara, a kora dabbobi tudu. Abin da zai fara bayyana bai ma yi kama da ruwa ba: kumfa ce da kirare da kashin raƙumi da busasshiyar kaba, suna tafe a hankali kamar mai laluben hanya. Bayan 'yan mintoci sai ga ruwan kansa, jajir, yana mirgina duwatsu, ya cika korin gaɓa da gaɓa. Yakan yi sa'o'i yana gudu, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya janye ya bar laka. Wannan ya sa wanda ya san ƙasar ba ya yada zango a cikin kori da damina, komai laushin yashinsa. Bature ɗan yawon bincike Heinrich Barth ya ga irin wannan ambaliya da idonsa a daminar 1850, ta kwashe dabbobi ta tumɓuke itatuwa. A farkon Satumbar 2009 kuma korin Telwa ya ɓalle cikin dare ya shiga Agadas, ya rusa dubban gidaje. Garin da ke roƙon ruwa duk shekara, ga shi ruwa ya kore shi daga ɗaki.

To ina ruwan yake tafiya bayan ya janye? Wani ya malale yamma ya fitar da ciyawar da makiyaya ke bi zuwa Ingal, inda ake taron shan gishirin dabbobi a ƙarshen damina. Wani ya maƙale a kwarmin dutse inda rana ba ta kaiwa, ya zama tafkin da Abzinawa ke kira agalmam, wasu ba sa ƙafewa har wata daminar. Mafi amfani shi ne wanda ya nitse cikin yashin korin. A ƙarƙashin yashin akwai shimfiɗar dutse da ke tare shi kada ya zurare, a sama kuma yashin ya zama murfi, ya hana rana shanye shi. Randa ce Allah ya binne. Ruwan kwana biyu sai ya zama na wata goma sha biyu, mutum ya haƙa rijiya a gaɓar kori, bayan 'yan mitoci ya tarar da shi.

Zafi da sanyin ƙasar kuwa duk ba su san sassauci ba. A watannin Mayu da Yuni zafin Agadas kan haura digiri 40. Da hunturu kuma, da yake babu girgije babu danshin da zai riƙe ɗumin rana, da zarar ta faɗi sai sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Duk hawan mita 1,000 kuma yana rage wajen digiri 6. Don haka a saman Bagazan da Tamgak, a watannin Disamba da Janairu, ruwan da aka kwana da shi a ƙwarya kan wayi gari da ƙanƙara a fuskarsa.

Lambu a gaɓar kori

Wannan ruwan na ƙarƙashin yashi shi ne jarin Abzin. Manoman rani na ƙasar Hausa sun san jigo. Abzinawa suna da tasu dabarar, wadda suke kira takarkart. A bakin rijiya ake kafa itatuwa biyu a gicciya wani a sama, a maƙala masa ƙafar katako mai juyawa wadda igiya za ta bi. Gugan babba ne, na fata, a gindinsa akwai wani dogon baki kamar hannun riga. Igiya biyu ake ɗaura masa, ɗaya a wuyan gugan, ɗaya a wannan bakin, duka biyun kuma a jikin raƙumi ko sa. Yaro ya ja dabbar ta yi gaba, guga ya taso cike, bakin nan yana lanƙwashe sama don kada ruwa ya zube. Da ya iso bakin rijiya sai igiya ta biyu ta miƙar da bakin, ruwa ya kwarara cikin kwalbatin da aka fafe daga gangar dabino, ya bi 'yan hanyoyi zuwa fangali. Can mai lambu yana tsaye da fartanya, ya buɗe wannan ya toshe wancan. Yaro ya juyo da dabba, guga ya koma. Haka za a yi ta yi tun daga asuba har rana ta take.

Da wannan wahala ake fitar da abin mamaki. Da sanyi a shuka alkama da albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da tumatir, da zafi a yi masara da gero. A sama ga dabino. Garin Timiya ya yi suna da lemo da rumman da inabi, kuma kusa da shi akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse cikin tafki. Albasar Tabelot da kewayenta manyan motoci ke lodinta zuwa kudu, har ƙasashen bakin teku.

Lambu kaɗai bai taɓa riƙe gidan Ba'abzine ba. A gida ɗaya za ka tarar wani yana lambu, mata suna bin awaki cikin kwazazzabai suna yin cuku, wani kuma yana bin ayari. Da kaka ake ɗaura wa raƙuma gero da damman ciyawar da za su ci a hanya, madugu ya shiga gaba, a ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar da ta haura kilomita 500. A can a musanya gero da gishiri da dabino. In an dawo an huta, sai a yi kudu zuwa Damargu da Damagaram da Katsina da Kano. Nan ake cin rani, raƙuma suna kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki. A sayi hatsi da turkuɗin Kura na rawani, a koma gida kafin ruwa ya sauka. Tsohon littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15, zuwan Abzinawa ne ya sa gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Wannan cuɗanya ce ta sa yau Hausa ta zama harshen kasuwa da na titi a Agadas.

Lokacin da hamada take kore

Kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, a wani wuri mai suna Dabus, akwai wani falalen dutse da aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa. Babban ya kai mita 5.4, kusan girmansa na gaske, kuma mai sassaƙar bai bar ko zanen fatarsa ba. Wanda ya yi wannan aiki ya san raƙumin dawa sani na ido da ido. A wasu duwatsun akwai zanen giwaye da karkanda da garken shanu. A Gobero kuma, cikin Tenere, masu neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe sun yi kiciɓis da wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, mai kaburbura wajen 200. Mutanen a bakin tafki suka zauna. An sami ƙugiyoyin kamun kifi da ƙashin giwan ruwa da na kada da na dorina. An sami wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtsenta, da wata mace da aka binne tare da yara biyu suna rungume da juna.

Abin da ya faru shi ne, tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, wani ɗan sauyi a yadda duniya ke karkata tana zagaya rana ya ƙara wa iskar damina ƙarfi, ta riƙa kutsawa can cikin Sahara. Ciyawa ta rufe ƙasa, tafkuna suka cika, tafkin Chadi ya zama kamar teku. Da abin ya juya, damina ta ja da baya, sai tsirrai da dabbobi suka bi ta kudu. Waɗanda suka fake a Abzin su ne ba su tafi ba, domin dutse ya ci gaba da tara musu ruwa. Suna nan har yau, hamada ta kewaye su ta ko'ina, kamar mutanen da kogi ya cika ya yanke su a tsibiri.

Itatuwa da namun dajin da suka rage

Bahaushen da ya shiga korin Abzin ba zai ji baƙunta ba. Ga aduwa, ga magarya, ga goriba, ga bagaruwa, ga gawo, ga tumfafiya, ga anza, duk 'yan gida, a wurin da bisa ƙa'idar ruwan sama bai kamata a gan su ba. Akwai ma dangin gero da na dawa na daji, waɗanda masana ke daraja su saboda jurewar fari da ke jininsu, ko wata rana za a buƙace ta wajen inganta iri. In aka hau sama da mita 1,500 kuma sai a tarar da baƙo daga wata nahiyar yanayi: zaitun na daji, ɗan'uwan wanda ake nomawa a gaɓar Bahar Rum. Da ƙyar yake haihuwa ta iri a yanzu, sai dai tsohon kututture ya yi ta tohowa daga saiwa, zamani bayan zamani.

A ɓangaren dabbobi, an ƙididdige masu shayarwa iri 40, da tsuntsaye iri 165, da masu jan ciki iri 18 a gandun dajin yankin. Sarkin duwatsun shi ne ragon dutse. Launinsa launin dutsen ne sak, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya, namijin yana da dogon gashi daga maƙogwaro har ƙafafun gaba. In ya ji motsi ba ya gudu, sai ya daskare wuri ɗaya, mafarauci ya dube shi bai gan shi ba. Yakan yi dogon lokaci bai sha ruwa ba, ɗan danshin ganye da raɓa sun ishe shi. A kwazazzabai akwai jan biri da agwada, a Tamgak kuma an san wani ɗan garken gwaggon biri wanda ya rabu da 'yan'uwansa na kudu tun dubban shekaru. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙiyasta ba su wuce 70 ba. A filaye akwai barewar hamada da dila da kura da yanyawa mai manyan kunnuwa, waɗanda take jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin yashi da su, take kuma fitar da zafin jiki ta cikinsu. Tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai kuwa, bayan sun ƙetare hamada a galabaice, lambunan Abzin da tafkunanta ne masaukinsu na farko.

Sai kuma mena, wadda ta fi duk barewar duniya girma. Fara ce sol a ciki da ƙafafu, wuyanta da bayanta ja, doguwa, mai tafiyar ƙasaita. Sunanta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar ta ɗauka.

Abin da fari bai yi ba

A shekarar 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe gabashin Abzin da yammacin Tenere ta mai da su gandun daji mai faɗin murabba'in kilomita 77,360, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1992, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari.

Dalilan a fili suke. Farin 1973 da na 1984 sun karya makiyaya sun kuma rage namun daji. Amma dabbobin nan sun ga farin da ya fi wannan sun tsallake. Abin da ba su saba da shi ba shi ne mota da bindiga. Barewar da ta fi doki gudu ba ta iya tsere wa motar da ba ta gajiya, a bi ta a fili har zuciyarta ta buga. Tawayen da aka yi a yankin daga 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sun kori masu gadin daji, makamai suka yawaita, nama ya zama guzurin mai ɗauke da bindiga. Kafin rikicin farko akwai ɗaruruwan jiminu a Abzin, garke mafi girma da ya rage a Afirka ta Yamma. Cikin 'yan shekaru aka gama da su, yanzu sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace a Iferwan da Kelle da fatan wata rana a sake su. Zakin da Barth ya ba da labarinsa ya daɗe da ƙarewa. Mariri, mai dogayen ƙahoni kamar takobi, tun shekarun 1980 aka daina ganinsa. Adaks, farar dabbar rairayi mai murɗaɗɗen ƙaho wadda aka keɓe wa yanki na musamman a gandun, ta koma can Termit, kuma binciken da aka yi a 2016 guda uku kacal ya gano. Mena ma 'yan ɗaruruwa suka rage a dajin duniya baki ɗaya, 'yan ƙalilan daga cikinsu sun haye dutsen Takolokuzet sun ɓuya.

Randar da ke ƙarƙashin yashi ita ma tana jin jiki. Raƙumi yana gajiya, gajiyarsa kuma ita ce ma'aunin da ke hana a ɗebi fiye da abin da kori ya ajiye. Injin ban-ruwa ba ya gajiya muddin akwai mai. Ya sauƙaƙa wa manomi, ya 'yanta yaro ya tafi makaranta, wannan alheri ne. Amma inda lambuna suka yawaita, rijiyoyi suna ƙara zurfi, kuma in damina ɗaya ta yi gardama, sai a ga dabino yana bushewa a tsaye. Ga garuruwan ma'adinai kuma: yuraniyom da ake haƙa a Arlit tun 1971, da kwal na kusa da Cirozerin, da zinariyar da ta ja dubban matasa arewa daga 2014, cikinsu har da namu. Kowane baki yana son ruwa, kowace tukunya tana son itace, alhali bishiyar da aka sare cikin rabin sa'a ta yi shekaru aru-aru tana neman hanyar ruwa. Kowa ya ji labarin bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai ba ta da maƙwabciya a tazara mai nisa, saiwarta ta nitsa fiye da mita 30. Hamada ba ta kashe ta ba. Mota ce ta banke ta a 1973, gangarta tana gidan tarihi na Yamai.

Duk da haka ba a yanke ƙauna ba, domin an ga inda gyara ya yi aiki. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, jikokin irin waɗanda aka sassaƙa a Dabus, sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka hana farautarsu, mutanen ƙauyukan kuma suka ga amfanin zamansu, sai ga shi sun haura 600. Maririn da aka ce ya ƙare a daji an mayar da shi ƙasar Chadi a 2016, yana ta haihuwa. Dabbar hamada ba ta neman a ciyar da ita. A ƙyale ta kawai.

Mu ma da muke nesa muna da hannu a ciki. Ɗan barewar da ake kawowa birni a ɗaure a gidan mai kuɗi don ado, sau da yawa sai an kashe uwarsa ake kama shi. Ƙwan jimina da fatar namun daji da ƙahon da ake nema don kwalliya ko magani, mai saye ne ke aika mafarauci. In ciniki ya mutu a kasuwa, bindiga za ta huta a daji. Gishirin da kakanninmu suka ci da albasar da ke cikin miyarmu ta wannan ƙasa suka biyo, kuma ragowar hadarinmu ne ke shayar da ita. Yau yara a Maraɗi da Damagaram da Agadas suna sanye da rigar ƙwallo mai sunan Mena. Ya kamata in ɗayansu ya tambaya wace dabba ce wannan, a iya ce masa tana nan da ranta a kan dutse, in ya girma ya je ya gani.